Tambaya da Amsa: A Ƙyale Baƙi Su Yi Jerin Gwanon Siyasa a Garinmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da yadi ne a Babbar Kasuwar Sakkwato. Gardama ta kaure a majalisarmu a kan ko ya dace a ƙyale ƙungiyar siyasar da ba ta 'yan gari ba ta kwaso mutane daga wasu jihohi ta yi jerin gwano a cikin gari, alhali yawancinmu ba mu yarda da abin da take kira a kai ba. Ni dai a ganina a hana su, domin idan rikici ya ɓarke za su hau motocinsu su tafi, mu a bar mu da shaguna a rufe. Me doka ta ce, kuma kai me ka gani?

Mai karatu daga Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban raina fargabarka ba, domin duk wanda yake garin nan a watan Mayu na 2022, lokacin da zanga-zanga ta rikiɗe har gwamnati ta kafa dokar hana fita ta sa'o'i 24, ya san cewa ɗan kasuwa da mai neman na cefanen yini ne suka fi kowa jin jiki. Duk da haka ban bi ka a kan hani ba, kuma ina roƙon ka saurari dalilina.

Kalmar baƙo ita ce ta fara ba mu matsala. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane mutum 'yancin taruwa da shiga ƙungiya, sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zuwa ko zama a duk inda ya so a Najeriya, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa ko addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Saboda haka a idon doka Bazamfare ko mutumin Inugu da ya sauka a Sakkwato yana da haƙƙin da kake da shi a kan titi, kamar yadda Basakkwacen da ke fatauci a Legas yake da shi a can.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar wa za a danƙa wa sandar hanin. A watan Satumba na 2003 jam'iyyar ANPP, wadda ita ce ke mulkin Jihar Sakkwato a lokacin, ta yi gangami a Kano, inda magoya bayanta suka hallara daga jihohi da dama, sai 'yan sanda suka tarwatsa su da barkonon tsohuwa bisa hujjar cewa ba su da izini. 'Yan kwanaki bayan haka Sanata Chuba Okadigbo, wanda ya tsaya wa Janar Muhammadu Buhari mataimaki a zaɓen shugaban ƙasa na shekarar, kuma yake cikin waɗanda suka halarci gangamin, ya rasu. Jam'iyyun adawa suka garzaya kotu, Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar a 2007 cewa tilasta wa jama'a neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa Tsarin Mulki. Waɗanda aka kira masu tayar da zaune tsaye a ranar, da yawansu 'yan uwanmu ne na wannan yanki. Idan muka yarda yau cewa ƙiyayyar masu rinjaye ta isa hujjar hana taro, gobe mai mulki zai yi amfani da hujjar nan a kanmu ranar da muka je Abuja kai kukan matsalar tsaro a Isa da Sabon Birni.

To amma a wuri guda ina tare da kai ɗari bisa ɗari, wato batun hanya da lokaci. 'Yancin taro bai ƙunshi 'yancin zaɓar ƙofar gidan wanda kake so ka tsokana ba, kuma sashe na 45 ya amince da dokar da ta taƙaita shi domin tsaron jama'a da kare haƙƙin wasu, matuƙar taƙaitawar ba ta wuce kima ba. Mutanen Arewacin Ailan sun daɗe da ɗanɗana wannan. Wata ƙungiyar Kiristoci 'yan ɗariƙar Furotesta ta saba ratsa wata unguwar 'yan Katolika a garin Portadown kowace shekara, abin ya riƙa jawo arangama, har aka kafa hukumar musamman mai kula da jerin gwano. Hukumar ba ta soke jerin gwanon ba, sai dai tun daga 1998 ta hana shi bi ta wannan titi. Wannan shi ne ma'aunin da nake so mu ɗauka. Ƙungiyar da ta ce tana so ta isar da saƙo, a ba ta Dandalin Shehu Kangiwa ko filin wasa na Giginya, a shata mata titin da za ta bi. Wadda ta dage sai ta ratsa kasuwa da tsakar rana, ko ta bi ta Kanwuri, wato wajen fadar Sarkin Musulmi, da harabar Masallacin Shehu ranar Juma'a, to ta nuna da bakinta cewa fitina take nema, kuma hukuma na da hurumin juya mata hanya. Haka nan wanda ya zo da gora ko adda, ko ya yi hayar 'yan banga, ya fita daga inuwar sashe na 40, domin ɗaukar makami a taron siyasa laifi ne a Dokar Zaɓe.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ɗora musu nauyin ba da tsaro ga taron da aka sanar da su shi, kuma wannan tsaro ya kamata ya haɗa da shagonka. Don haka shawarata, Alhaji, ita ce duk lokacin da irin wannan labari ya taso, shugabannin ƙungiyarku ta 'yan kasuwa su je wurin kwamishinan 'yan sanda da takarda a hannu, su nemi a bayyana wa jama'a hanya da sa'ar farawa da ta tashi, a san sunayen masu shirya taron da za a tuhuma idan an yi ɓarna, a kuma girke jami'ai a ƙofofin kasuwa. Sannan ku ja kunnen yaran shago da matasan unguwa kada kowa ya fita tarar masu jerin gwanon da jifa ko ihu, domin sau da yawa daga nan ne wutar da kuke tsoro take kamawa.