Saƙar Kwarashi: Oda Ba Ta Yankewa, Kuɗi Ba Sa Zama

Wata baiwar Allah daga Zariya ta aiko mana da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina saƙar kwarashi a gida, shawul na jarirai, hula da safa, wani lokaci jaka. Alhamdu lillahi ana yaba aikina, oda ba ta yankewa, musamman lokacin sanyi, amma kuɗin ba sa zama. Shawul ɗaya yana cin dunƙulen zare takwas, kowane naira 1,000, ina sayar da shi 14,000, kuma sai na yi kwana tara a kansa, kusan awa uku kullum. Hula da safa kuwa dunƙule ɗaya da rabi ne, ina sayarwa 4,000, ina gamawa cikin awa huɗu. Wata mai zuwa zan kwashi adashen naira 150,000. In sayi injin saƙa ne, ko in zuba kuɗin a zare?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka. Na ji daɗin yadda kika kawo lissafinki dalla-dalla, domin amsar tana cikinsa tun kafin a zo maganar inji.

Mu ɗauki shawul. Kin sayar 14,000, zare ya ci 8,000, saura 6,000. A cire kamar 1,000 na kuɗin mota zuwa kasuwa, data da ledar naɗewa, saura 5,000. Kwana tara, awa uku-uku, awa 27 ke nan. Idan aka raba, kowace awa da kika zauna kina lanƙwasa wuya da ƙure ido ta kawo miki naira 185. Hula da safa fa? Zare 1,500, a ce 300 na sauran ɗawainiya, saura 2,200 a awa huɗu, wato naira 550 a kowace awa. Ƙaramin aikin da kike ganin ba komai ba ne ya ninka babban kusan sau uku. Shawul ɗin da kike alfahari da shi, wanda ake ɗagawa ranar suna ana tambayar wa ya saƙa, shi ne yake cinye ki.

Ba ke kaɗai ba ce. Akasarin masu sana'ar hannu da kuɗin zare suke yanke farashi, su ɗora ɗan wani abu a kai su kira shi riba. Alhali a saƙar kwarashi zare ba shi ne babban jari ba. Lokacinki ne, kuma shi ne ba a sayowa a kasuwa. Abin da ke yanke yawan lokacin da aiki zai ci kuwa shi ne irin saƙar da kika zaɓa, shi ya sa zan daɗe a nan.

Duk zanen da kika gani, komai ƙawarsa, daga 'yan saƙe-saƙe kaɗan aka gina shi. Akwai sarƙa wadda ake farawa da ita. Akwai gajeriyar saƙa, wadda masu koyarwa a YouTube ke kira singul. Akwai doguwa, dabul, da ta tsakiyarsu, rabin dabul, sai tirebul wadda ta fi su tsawo. Ki lura da sarƙar da ake yi idan za a juya layi: ɗaya ga singul, biyu ga rabin dabul, uku ga dabul, huɗu ga tirebul. Wannan kaɗai ya nuna miki tsawon kowace. Layi ɗaya na dabul ya kai layi biyu na singul, har da ɗan ƙari. Wato idan shawul yana buƙatar layi 160 na gajeriyar saƙa, kusan 80 za su ishe shi da doguwa. Ga shi kuma gajeriyar tana matsewa, ta fi cin zare a faɗi iri ɗaya, kuma tana fitowa da tauri, abin da ba a so a jikin jariri.

Ban ga shawul ɗinki ba, amma awa 27 da dunƙule takwas suna nuna min ɗayan biyu: ko saƙar a matse take, ko kin cika ta da irin adon nan mai kumburi, 'yan ƙulle-ƙullen da ke tasowa kamar ƙwallaye. Suna da kyau a ido, ba musu, sai dai kowane ƙulli saƙa huɗu ko biyar ne aka cusa a gurbin ɗaya. Zare suke sha kamar rairayi da ruwa. Ki mayar da su baki kawai, layi biyu a gefe, jikin shawul ɗin kuma ki yi shi da dabul: ko mai siffar V, inda ake dabul biyu da sarƙa ɗaya a tsakani, ko mai siffar mafici, inda ake dabul biyar a rami ɗaya su buɗe. Idon mai saye a kan kala da baki yake fara sauka, sannan ta shafa ta ji laushi. Ba ta ƙirga saƙar tsakiya. Abu ɗaya da za ki kiyaye shi ne kada ramukan su yi faɗin da yatsan jariri zai maƙale, kuma kada ki sa duwatsun ado ko ƙananan maɓallai a kayan jarirai, domin duk abin da ya ɓalle baki za shi.

Kaurin kwarashin ma yana da nasa hannu a ciki. Idan da mai milimita 3 kike aiki, gwada mai 4 ko 4.5 da zaren nan dai. Saƙar za ta saki, ta yi laushi, ta yi sauri. Gajeriyar saƙa mai matsewa ki bar wa jaka, kwando da abin ɗora tukunya, inda ake son tauri.

Kada ki ɗauki maganata haka kawai, ki auna. Ki saƙa 'yan gwaji huɗu, kowane santimita 10 tsawo da faɗi: singul, dabul, V da mafici. Ki duba agogon waya ki rubuta mintocin da kowane ya ci. Idan za ki iya samun ƙaramin sikelin giram, irin na masu yin kek, ki auna nauyinsu. Aikin yamma ɗaya ne, amma daga ranar duk wadda ta turo miki hoto ta ce "irin wannan nake so", za ki iya ƙiyasta awanni da zare kafin ki buɗe baki ki faɗi kuɗi. Hoton da ake turowa ta WhatsApp ya jawo wa masu saƙa asara mai yawa, saboda kunya takan sa a yanke farashi nan take, sai an yi nisa a gane aikin mako biyu ne.

Tun da na ambaci zane, bari in ja hankalinki kan wani abu da ke ɓata zare. Sunayen saƙa a Amurka da Ingila ba ɗaya ba ne. Abin da Amurkawa ke kira singul, shi Turawan Ingila ke kira dabul, dabul ɗin Amurka kuma tirebul ne a Ingila. Idan kika bi zanen Ingila da fahimtar Amurka, hular jariri za ta fito da zurfin da bai dace ba, ki kwance ki sake. Alama mai sauƙi: duk zanen da ya ambaci singul na Amurka ne, don tsarin Ingila ba shi da wannan suna. Mafi alheri ki koyi karanta zanen alamomi, inda ɗan zobe mai kama da ƙwai yake nufin sarƙa, alamar giciye take nufin gajeriya, T mai ɗan layi ɗaya a gicciye a jikinta kuma doguwa. Waɗannan ba ruwansu da harshe, ko daga Japan zanen ya fito za ki karanta.

Yanzu inji. Shawarata kada ki saya a wannan kwasar. Injin saƙa ba kwarashi yake yi ba, irin saƙar tsinke biyu yake fitarwa, ta rigunan sanyi. Sana'a ce mai kyau, mata da yawa na ci da ita, amma wata sana'a ce daban, da koyonta, da gyaranta, da kasuwarta. A wannan kasuwar kuma za ki yi karo da kayan kamfani da na gwanjo, waɗanda ba za ki taɓa karya musu farashi ba. Dubi hular tashi-ka-fiye-naci da ake shigowa da ita a dozin-dozin, wa zai zauna ya saƙa ta da hannu ya sayar a kuɗinta? Ƙarfinki yana wurin da inji bai kai ba. Shekara uku kika yi kina gina suna a kwarashi, taura biyu kuwa ba ta taunuwa.

Zuba duka 150,000 a zare ma ban goyi baya ba, ko da yake akwai hujja a ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, kayan da ake shigowa da su da kuɗin mota sun tashi, wanda ya sayi kaya da yawa a sari yakan tsira daga ƙarin gaba. To amma zare yana da tarko: kala. Wadda kika cika ɗaki da ita ba lallai ita za a nema ba. Ni da zan raba kuɗin nan, kamar 60,000 zan sa a sari, a kalolin da kika ga sun fi fita, fari, ruwan madara, ruwan hoda, shuɗi mai haske. Ki kwatanta farashin Sabon Garin Zariya da na Kano, ki haɗa da kuɗin mota kafin ki ce can ya fi sauƙi, in da hali ku haɗa kuɗi da wasu masu saƙa mutum ɗaya ta je. Ki riƙa duba lambar rini da ke jikin takardar dunƙule idan akwai ta, ki sayi na aiki ɗaya gaba ɗaya, don fari da fari ma sukan bambanta idan ba tukunya ɗaya aka rina su ba, kuma sai a hasken rana abin yake fitowa.

Kamar 30,000 kuma ki buɗe wa kanki ƙofar bazara da su. Hunturu daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, daga Maris ba mai neman ulu. A watannin zafi jaka ce ke tafiya, da shimfiɗar teburi, da rigar kwalin tishu, da kayan jeren amare. Waɗannan zaren auduga ko igiyar jaka suke so. Ki tuna ulun da ya cika kasuwa na roba ne, zafi yana narkar da shi, don haka bai dace da abin ɗora tukunya ba, kuma ki riƙa gaya wa masu saye kada su ɗora masa dutsen guga. Jaka ki kai wa tela ya yi mata shafi da zif, hannunta ki ninka saƙar don kada ya miƙe. Jaka mai shafi da marar shafi ba kuɗinsu ɗaya ba.

Sauran 60,000 ki ajiye su a asusun da ba na cefane ba. Wani ɓangare ki biya hannu da shi. Abin da kike nema a wurin inji, wato aiki ya yi sauri, 'yan mata biyu da kika koya musu za su ba ki. A nan saƙar 'yan murabba'i take da amfani, waɗannan ƙananan masu kusurwa huɗu da ake saƙawa daban-daban a haɗe. Kowace ta tafi da zare gida ta kawo ashirin, ke ki haɗa ki yi baki. Ki ba su kwarashi mai lamba ɗaya da gwajin da za su riƙa aunawa da shi, don hannu ya bambanta, wata tana matsewa wata tana sakewa. Ki biya su a kan kowane guda, ranar da suka kawo, kuma ki biya da adalci, kada ki yi musu abin da kike yi wa kanki yanzu. Ragowar zaren da ke tare a leda ma a nan zai shige.

Farashi kuwa dole ya motsa. Ki yanke wa awarki kuɗi, a ce 500 tun da hula ta nuna ana iya biya. Idan sabon salo ya sauko da shawul zuwa awa 15 da dunƙule shida, lissafin ya zama 6,000 na zare, 7,500 na aiki, 1,000 na ɗawainiya, 14,500 ke nan kafin riba. Ki sa shi 16,000 ko 17,000. Tsohon salon mai ƙulle-ƙulle kada ki daina shi, amma a wannan lissafi ya haura 22,000, duk mai so ta biya. Wasu za su ce ya yi tsada su tafi. Na san da zafi, musamman idan 'yan'uwa ne ko maƙwabta, amma wadda ta tafi ta bar miki awa 27 da za ki saƙa hula da safa shida a cikinsu. Kuma ki riƙa lissafi da kuɗin zare na yau, ba na ranar da kika saya ba, in ba haka ba ki sayar da kaya ki kasa mayar da irinsa.

Kada ki ɗora kwarashi a kan oda sai an ba da kafin alƙalami, aƙalla abin da zai biya zare duka, rabin kuɗi ya fi. Kayan suna ki nemi a yi oda tun ciki yana wata bakwai ko takwas, don kwana bakwai tsakanin haihuwa da suna da ƙyar suke isar shawul, kuma aikin gaggawa yana da nasa kuɗin daban. Ki kuma ajiye saitin hula da safa biyar ko shida a ƙasa kullum saboda masu zuwa barka, su ne ke saye ba ciniki.

Ki samu littafi mai layi, kowane aiki ki rubuta irin saƙar, lambar kwarashi, dunƙule nawa, awa nawa, nawa aka biya. Bayan wata uku ki sake rubuto min da abin da ya nuna. Idan a lokacin oda ta fi ƙarfinki ke da 'yan matan, kuma akwai masu tambayar rigunan sanyi da yawa, sai mu zauna mu yi lissafin inji da kwasar adashe ta gaba. Allah ya ba da sa'a, ya ƙara lafiyar ido da hannu.