Tambaya da Amsa: Igiyar Labulen Taga da Lafiyar Ƙananan Yara

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mun tare a sabon gida, kuma maigidana ya sa an saka mana labulen zamani irin mai naɗewa sama a falo da ɗakin yara, wanda ake ja da 'yar sarƙa mai ƙwayoyi. Yayata da ke zaune a Ingila ta hango shi muna hira ta bidiyo, nan take ta ce in cire shi, wai yana halaka yara. Ɗana yana da shekara biyu. Shin gaskiya ne, ko kuwa yawan tsoro ne irin na mazauna Turai? — Wata uwa daga Kaduna

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Yayarki ba ta yi ƙari ba, kuma shekarun ɗanki su ne daidai shekarun da haɗarin ya fi tsanani. Masu bincike na asibitin yara na Nationwide da ke birnin Columbus a Amurka sun wallafa wani nazari a mujallar Pediatrics a ƙarshen shekarar 2017, inda suka gano cewa tsakanin 1990 da 2015 an kai yara 'yan ƙasa da shekara shida kusan 17,000 sashen gaggawa na asibitoci saboda raunin da ya shafi irin wannan labule, sannan an samu rahoton rasuwar yara 271. Yawancin raunukan ƙanana ne, kamar labule ya faɗo wa yaro a ka, amma mace-macen kusan dukkansu daga abu guda suka fito, wato igiya ta zarge wuya.

Dalilin da ya sa abin ya fi shafar yara 'yan shekara ɗaya zuwa uku a jikinsu yake. Kan yaro a wannan lokaci yana da nauyi idan aka gwada da sauran jikinsa, maƙogwaronsa siriri ne kuma bai yi ƙwari ba, ga shi ya iya hawa kujera amma bai iya warware abin da ya naɗe masa wuya ba. Idan ya sa kansa cikin madaukin sarƙar sannan ƙafarsa ta zame, nauyin jikinsa ne zai ja sarƙar ta matse shi, kuma yana iya suma cikin kimanin daƙiƙa 15, rai kuma ya fita cikin 'yan mintoci. Abin da ya kamata kowace uwa ta riƙe shi ne yaron da aka shaƙe ba ya iya kuka, domin iskar da zai yi kukan da ita ce aka tsare. Shi ya sa nazarin ya nuna cewa mafi yawan waɗannan haɗurra sun faru ne iyaye suna cikin gida, sau da yawa bayan an kwantar da yaro a ɗaki ana zaton barci yake yi. Sarƙar kuma tana jan hankalin yara, domin ta yi kama da carbin da suke ganin manya na ratayawa a wuya.

Akwai wani abu a gidajenmu da ke ƙara wa matsalar nauyi, wato ƙarfen da ake sa wa taga daga ciki don tsaro. Yaro yana taka shi ya hau, saboda haka igiyar da kike ganin ta fi ƙarfin hannunsa daga ƙasa tana iya zama daidai wuyansa idan ya haura taki biyu. Tun yau ki janye gado da kujera da akwati daga gindin kowace taga mai irin wannan labule, sannan ki duba ledar da labulen ya zo a ciki, ko ƙasan sarƙar kanta, za ki iya samun wata 'yar roba mai rami biyu na sukuru. Aikinta shi ne a kafe ta a bango ta riƙe sarƙar a miƙe, yadda kai ba zai shiga ba. A falo wannan ya wadatar idan an kafe ta da kyau. A ɗakin yara kuwa, ra'ayina shi ne a cire labulen ɗungurungum a mayar da na yadi da ake ja da hannu a kan sanda, ko a sayi marar igiya, domin nan ne wurin da yaro ke zama shi kaɗai tsawon lokaci.

TAMBAYA: Ina shirin yi wa 'yata kayan ɗaki, kuma ta nace sai irin labulen nan mai layi-layi da ake kira dare da rana. Mai shago ya nuna mini wani da ya ce ba shi da igiya ko kaɗan, amma ya fi tsada. Ta yaya labule zai hau ya sauka ba tare da igiya ba, kuma zai jure ƙurar hunturu? — Wani magidanci daga Kano

AMSA: Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Labulen da ba shi da igiyar ja sifirin ne ke ɗauke da shi, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai komawa yadda yake idan an ja shi an saki, kuma dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun a 1864 wani Ba'amurke mai suna Stewart Hartshorn ya yi rajistar labulen naɗi mai sifirin. A irin mai naɗewa, sifirin ɗin yana cikin bututun da yadin ke naɗuwa a kai. Idan aka ja labulen ƙasa sifirin ɗin yana murɗuwa ya tara ƙarfi, wani ɗan maƙali ya riƙe shi a inda aka tsaya, idan kuma aka ɗan fizge shi kaɗan sai maƙalin ya saki, labulen ya koma sama. Na zamani suna da abin rage gudu a ciki don kada labulen ya zabura ya bugi saman taga. A irin mai falle-falle da mai ninki kuwa, sifirin ɗin siririn ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe da aka naɗe a kan gargare biyu, an auna ƙarfinsa daidai da nauyin labulen, ta yadda duk inda aka ɗaga sandar ƙasa da hannu aka saki, nan za ta tsaya. Wannan awon nauyi yana da muhimmanci gare ka a matsayin mai saye, domin idan aka rage faɗin labulen da yawa ko aka sauya masa yadi, sifirin ɗin zai rinjaye shi ko ya kasa ɗaukarsa. Saboda haka ka kai awon tagogin a haɗa maka daidai da su.

Wannan nau'i shi ne kan gaba wajen aminci, kuma hukumomin ƙasashen da suka daɗe suna fama da matsalar can suka karkata. A Amurka, tun daga Disambar 2018 ƙa'idar masana'antar ta tanadi cewa labulen da ake sayarwa a haɗe a kanti dole ya zama marar igiya, ko kuma igiyarsa ta kasance inda yaro ba zai kai gare ta ba, sannan a Yunin 2024 aka tsaurara ƙa'idar a kan wanda ake haɗawa bisa oda. Kanada ta fi kowa tsanani, domin dokarta da ta fara aiki a Mayun 2021 ta hana igiyar da hannu zai kai gare ta ta wuce santimita 22, ta kuma hana madauki ya wuce santimita 44 a kewaye. Kamfanin IKEA ma ya daina sayar da labule mai igiya a fili a dukkan shagunansa na duniya tun farkon 2016. Sai dai waɗannan dokoki na kasuwannin da aka yi su ne, kuma masana'anta ɗaya tana iya haɗa nau'i daban ga wata kasuwa, don haka kada ganin cewa kaya daga waje suka zo ya sa ka ɗauka an cika musu waɗannan sharuɗɗa.

Idan tagar ta yi tsawon da hannu ba zai kai ba, akwai mafita da ba ta buƙatar komawa ga sarƙa. Akwai mai sanda, wanda ake turawa ko a murɗa da siririyar sanda mai tauri da ba ta naɗuwa a wuya. Akwai wanda igiyarsa ke cikin bututun roba, sai dai a ja wani maɗanni sama da ƙasa a jikin bututun. Akwai kuma mai gajeriyar igiya da ake ja ana saki sau da yawa, kowane ja yana ɗaga labulen kaɗan, igiyar kuma ta koma mazauninta. Mai inji da rimot shi ma lafiya lau ne, kuma da yawansu batir suke amfani da shi wanda ake caji bayan watanni, don haka ɗaukewar wuta ba ta hana su aiki, amma a tuna cewa wayar cajin ita ma igiya ce, kuma ƙaramin batirin rimot abin haɗari ne idan yaro ya haɗiye shi.

Game da ƙura, sifirin da ke rufe cikin bututu ya fi samun kariya fiye da gargaren sarƙa da ke gefe a buɗe. Ka zaɓi mai murfi a sama, a riƙa kaɗe shi da busasshen tsumma, kuma kada a zuba masa mai, domin mai da ƙura idan sun haɗu dasƙarewa suke yi su riƙe injin. Kafin ka biya kuɗi, ka juya bayan labulen ka duba. Wasu, musamman masu ninki irin na Rumawa, suna da igiyoyi da ke bin zobba a baya, kuma yaro yana iya jawo su su zama madauki ko da babu igiyar ja a gaba. Irin wannan aibi ne ya sa a Disambar 2009 aka yi kiran gyara labule sama da miliyan 50 a Amurka. Ka sa yatsa ka ja igiyar bayan, idan ta fito har dunƙulen hannunka biyu ya shige, to ka bar shi a shagon.

TAMBAYA: Ni sana'ata saka labule ce. Gaskiya yawancinmu ba ma kafa robar nan ta ƙasa, domin masu gida ba sa son a huda musu tayil ko fenti, wasu kuma su ce tana hana sarƙa gudu. Mene ne awon da ya dace, kuma me zan ce wa wanda ya ƙi? — Wani mai sana'a daga Abuja

AMSA: Malam, na gode da ka faɗi gaskiyar abin da ke faruwa, domin robar da aka bari tana lilo a ƙasan sarƙa ba ta tsare komai, nauyi kawai take ƙara wa madaukin. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 13120, wadda aka sabunta a 2014, ta ba da awo da za ka iya aiki da shi. Idan sarƙa ce mai robar da ake kafewa, ƙasan madaukin ya kasance aƙalla mita 1.5 daga daɓe. Idan sarƙar tana da mahaɗi mai ɓallewa, ana yarda ta sauko har santimita 60 daga daɓe, bisa sharaɗin mahaɗin ya rabu idan nauyin kilo 6 ya hau kansa. Marataya da ake naɗe doguwar igiya a kai ita ma mita 1.5 ce. Ostireliya ta ɗan ƙara, ta sa mita 1.6, kuma a ganina wannan ya fi dacewa da tagoginmu masu ƙarfe.

Yadda ake kafawar shi ne rabin aikin. Ka ja robar ƙasa har sarƙar ta miƙe ba tare da ta yi tauri ba, ka yi alama, ka huda, ka sa fulogin roba da sukuru biyu, sannan ka gwada da hannunka ka tabbatar ɓangarorin sarƙar biyu ba sa buɗewa. Gam da tef mai manne fuska biyu ba su da amfani a nan, domin zafi yana sakin su, yaro kuma yana iya fizge su. Idan sarƙar ta ƙi gudu bayan an kafe, yawanci an ja ta fiye da kima ne ko robar ba ta yi daidai da gargaren sama ba. Wanda ba ya son a taɓa tayil, a kafa a jikin firam ɗin tagar. Kada kuma ka manne mahaɗi mai ɓallewa da gam don mai gida ya yi ƙorafin yana yawan rabuwa, domin yawan rabuwar alama ce cewa labulen ya yi wa wannan tsari nauyi, sai a koma ga robar kafewa ko a raba labulen gida biyu.

Marataya kuwa ita ce mafi rauni a cikin duka, saboda amfaninta ya dogara ga a tuna a naɗe igiyar duk lokacin da aka ɗaga labule, alhali a gida mai jama'a ba mutum ɗaya ke buɗe taga ba. Ka riƙa ɗaukarta a matsayin gyaran wucin gadi ga tsohon labule. Shi kuma mai gidan da ya ƙi huda ya ce ba shi da ƙananan yara, ka tuna masa jikoki da 'ya'yan baƙi da na maƙwabta, ka nuna masa da hannunka girman madaukin da ke lilo, sannan ka ba shi zaɓin marar igiya ko mai sanda, wanda ba ya buƙatar rami ko ɗaya a ƙasa. Idan duk ya ƙi, aƙalla ka rage tsawon sarƙar yadda ƙasanta zai tsaya sama da mita 1.6, ka kuma bar masa robar da sukurorinta a hannu, ka faɗa masa a gaban iyalinsa abin da aka yi ta dominsa.