Rage bishiyoyin birc a daji: yana ɓata katako ko yana gyara shi?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a fannin gandun daji. Na karanta cewa a ƙasar Finlan ana sare wasu bishiyoyin birc (wata bishiyar ƙasashe masu sanyi mai farin ɓawo) tun suna ƙanana domin sauran su samu sarari. Shin saurin girman da ke biyo baya ba ya raunana katakon?

Amsa: Malam, fargabarka tana da tushe, amma ta fi dacewa da bishiyoyi irin su fayin (masu ganye kamar allura), waɗanda katakonsu kan rage nauyi idan suka yi saurin girma. Birc ba haka take ba. Ƙananan hanyoyin ruwan da ke cikin itacenta a warwatse suke daidai wa daida, shi ya sa ko zoben sabon itacen da take ƙarawa a gungumenta a shekara ya yi faɗi, nauyin katakon da ƙarfinsa ba sa canjawa sosai.

Abin da ragewa ke taɓawa ƙwarai shi ne ƙulli, wato tabon da reshe ke bari a cikin gungume. Idan bishiyoyi suka taso a cunkushe, rassan ƙasa ba sa samun rana, sai su bushe tun suna sirara su faɗi, itace mai tsabta ya rufe gurbinsu. Wanda ya yi gaggawar buɗe daji zai samu rassa masu kauri, kuma masana'antar da ke feƙe gungume ta fitar da fale-falen katako ba ta son ganin ƙulli a fuskar fallen. Wanda kuma ya yi jinkiri, ganye zai koma can ƙololuwa, bishiyar ta zama siririya kamar sanda, ta kasa yin kauri ko an ba ta sarari daga baya, dusar ƙanƙara ma ta iya lanƙwasa ta. A ganina jinkirin ya fi muni, domin ba ya gyaruwa.

Shi ya sa a Finlan ake dasa bishiyoyin birc wajen 1,600 a kowace hekta, a jira tsawonsu ya kai mita 13 zuwa 15, sannan a rage su zuwa 700 ko 800, tare da lura cewa rassa masu rai ba su gaza rabin tsawon bishiyar ba. Ragewa ta biyu kan bar kusan 400.

Sai a kiyaye da rauni lokacin aikin. Idan injin jan gungume ya goge ɓawon bishiyar da aka bari, itacen kan yi duhu daga wurin, ruɓa ta bi ciki, gungumen da ya kamata a feƙe ya ƙare a masana'antar takarda da arha.