CR ko DR wajen ɗaukar hoton nono?

Hajiya, kin tambaya ko za ku haɗa CR da tsohuwar na'urarku in kun bar fim, ko ku sayi DR. CR faranti ne da ake sa wa na'urar a madadin fim, sannan wata na'ura ta karanta shi ta fitar da hoton a kwamfuta; DR kuwa na'ura ce mai aika hoton kai tsaye zuwa kwamfuta. In da hali, DR za ku saya. CR ya fi araha, amma binciken da aka wallafa a 2013 daga Ontario ta Kanada ya nuna bai kai DR gano kansar nono ba, har lardin ya daina amfani da shi.

Sai dai kada kuɗin ya ƙare a na'ura. Likita mai karanta hoton yana buƙatar allo mai megafiksel 5, wato mai nuna hoto tar sosai. Na sha gani, ɗigon kalsiyum masu ƙanƙanta kamar garin gishiri sukan ɓace a allon kwamfutar ofis, alhali wani lokaci su ne alamar farko ta kansa.