Wace manhaja ce za ta tattaro mini shafukan da nake karantawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum da safe sai na bi shafukan labarai da na guraben tallafin karatu kusan goma, ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Data tana ƙarewa, sau da yawa kuma in tarar babu sabon abu. An ce mini akwai manhajar da ke haɗa su wuri guda. Wacce zan ɗauka? Daga wata malamar makaranta a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da aka ba ki labari shi ne manhajar karanta RSS. Shafuka da yawa suna da wani ɗan fayil mai jera sababbin rubuce-rubucensu, shi ake kira RSS. Sau ɗaya za ki ba manhajar adireshinsa, daga nan ita za ta riƙa leƙawa tana kawo miki abin da ya fito bi da bi, babu mai zaɓar miki abin da za ki gani kamar yadda Facebook ke yi.

Kafin ki duba kyan manhaja, ki tabbatar tana barin ki fitar da jerin shafukanki a fayil ɗin da ake kira OPML. Ina nanata wannan ne saboda Google Reader, manhajar karanta RSS ta kamfanin Google. Mutane sun jima suna dogaro da ita, sai kamfanin ya rufe ta ranar 1 ga Yuli, 2013. Waɗanda suka fitar da jerinsu sun ɗauke shi sun zuba a Feedly ko wata manhajar suka ci gaba da karatu. Ki riƙa ajiye kwafin wannan fayil a imel ɗinki lokaci-lokaci.

Manhajojin iri biyu ne. Akwai masu buƙatar buɗe asusu, irin su Feedly da Inoreader da NewsBlur. Amfaninsu shi ne abin da kika karanta a waya ba zai sake fito miki a kwamfuta a matsayin sabo ba, amma tsarinsu na kyauta yana da iyaka kan yawan shafuka. Akwai kuma masu zama cikin wayar kanta ba tare da asusu ba: Feeder a Android, NetNewsWire a iPhone da Mac, dukansu kyauta. Tunda data ce damuwarki, in Android gare ki, Feeder nake ba ki shawara. Ki saita ta kada ta sauko da hotuna sai a kan Wi-Fi. Rubutun da ta riga ta sauko da shi kuwa kina iya karanta shi ko sabis ya ɗauke.

Wajen ƙara shafi, ki liƙa adireshinsa a manhajar, galibi za ta gano fayil ɗin RSS ɗin da kanta. In ta kasa, ki ƙara /feed a ƙarshen adireshin idan shafin na WordPress ne, ko /feeds/posts/default idan na Blogger ne (waɗannan biyun dandamali ne da ake gina shafuka a kansu). Wasu shafukan kanun labari da layi biyu kawai suke sakewa, sai kin danna ki je can; wannan daga masu shafin ne, ba laifin manhajar ba.

Inda na fi ganin mutane suna gajiya shi ne cusa komai a kwando ɗaya. Shafin labarai na iya sakin rubutu da dama a yini, ya binne sanarwar tallafin karatu da ke fitowa jefi-jefi, ga shi ita ce mai wa'adi. Ki ware wa shafukan tallafin babban fayil nasu daban, ki fara da shi kowace safiya, ki kunna masa sanarwa shi kaɗai. Na labarai in sun taru sun yi yawa, ki danna alamar an karanta duka ki wuce.