Haƙoran robana sun fara sako-sako, ko cutata aka yi?

Tambaya: Likita, wata huɗu ke nan da na yi haɗarin babur, aka cire min haƙoran gaba guda biyu na sama. An yi min na roba masu 'yar waya, waɗanda ake cirewa a mayar, aka ce na wucin gadi ne. Yanzu sun yi sako-sako, in ina magana har motsi suke yi. Ko aikin ne bai yi kyau ba? Kuma zan iya ci gaba da amfani da su haka, tunda ba ni da kuɗin wasu?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Ba cutarka aka yi ba. Bakinka ne ya canza, robar tana nan yadda aka ƙera ta. Idan aka cire haƙori, ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwarsa yakan fara zaizayewa, dasashi ya bi shi ya lotsa, kuma abin ya fi sauri a wata 3 zuwa 6 na farko. Awon da aka ɗauka lokacin da dasashinka ke cike ba zai dace da na yau ba. Shi ya sa ba ma gaggawar yin na dindindin.

Amfanin na wucin gadi a wannan tsakanin yana da yawa. Yana rufe giɓi, mutum ya shiga jama'a ba ya kare baki da hannu, harafin “s” da “f” su fita daidai. Yana kuma tare haƙoran gefe kada su karkato cikin gurbin, don in suka karkato gyaran sai ya fi tsada.

Sai dai ka san rauninsa. Robar akirilik ce, kuma a kan dasashi da ganɗa take zaune, duk nauyin tauna a kansu yake sauka. In aka shekara da shekaru da ita tana motsi, sai ta riƙa danne dasashin haƙoran da suka rage har ya ja baya, abinci kuma ya riƙa maƙalewa a gindin wayar ya jawo ruɓewa. Wannan ne ya fi damuna: a je neman maye haƙori biyu, a ƙare da asarar huɗu.

Ka koma wurin likitanka. Sau da yawa ba sai an sake sabo ba, ana ƙara roba ta ciki ta cike ratar, a matse wayar, kuma kuɗinsa bai kai na sabo ba. Don Allah kada ka lanƙwasa wayar da kanka, kada kuma ka liƙa robar da gam in ta karye.

Ka riƙa cire haƙoran robar kafin barci, kowane dare. Kwana da su na sa ganɗa ta yi ja saboda wata ƙwayar cuta da ake kira kandida, kuma ƙaramar roba mai sako-sako irin taka ana iya haɗiye ta cikin barci, ta maƙale a maƙoshi. Wannan na faruwa, har ya kai ga tiyata. Ka wanke su da burushi mai laushi da sabulu, ban da makilin, don yana kankare robar. Ka yi wankin a saman kwano mai ruwa saboda faɗuwa, sannan su kwana a ruwan sanyi, tunda ruwan zafi yana tanƙwara su. Rake, goro da kilishi kuwa, kada ka gatsa da su. Yanka ƙanana ka tauna da turame.

Batun na dindindin, bayan kamar wata 6 da cire haƙoran ne za a duba. Akwai mai cirewa da ke da ƙarfen kobal da kiromiyam, wanda ke jingina a kan haƙora maimakon dasashi. Akwai gada, wato haƙoran da ba a cirewa, waɗanda ake liƙawa a haƙoran gefe, akwai kuma dashe na ƙarfen titaniyam a cikin ƙashi, shi ne mafi tsada. In kuɗin bai samu ba tukuna, kana iya tafiya da na robar, muddin an gyara zamansa kuma kana zuwa a duba maka baki duk wata 6.