Robar da ke tsakanin inji da farfelar jirgin sama

Jiya muna wanke hannu ka jefo mini tambaya: "Maigida, tunda injin rotari ba ya girgiza, me ya sa giyabos ɗin da ke kan benci yake kakat-kakat idan an rage wuta? Ba gara mu cire robar nan mai laushi mu sa mai tauri ba, ƙarar ta daina?" Ka ga na yi shiru na tafi. Ba da kai nake fushi ba, yaro. Abin da ka faɗa shi ne wani ya aikata a bayan idona shekarun baya, kuma har yau idan na tuna sai abinci ya tsaya mini a wuya.

Da farko, wa ya ce maka ba ya girgiza? Ka ɗora hannu a jikinsa ka ji shi lumui, shi ke nan ka yanke hukunci, irin na yaran yanzu da bidiyon minti uku yake mayar da su injiniyoyi. Girgizar da hannu ke ji daban, wadda ke cikin shaf daban. Injin rotari na Mazda, 13B, ba shi da fistin mai hawa da sauka, shi ya sa jikinsa yake kwance. Amma rota biyu gare shi, wato ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a madadin fistin, kowace tana buga wuta sau ɗaya a duk juyin shaf. Lugude ke nan, mata biyu a turmi ɗaya: bugu biyu a kowane juyi. A juyi 6000 cikin minti, shaf yana shan duka 200 a daƙiƙa guda. Farfela kuwa nauyi gare ta, ba ta son a hanzarta ta, ba ta son a tsayar da ita. Inji ya fizga, ta ƙi. Ya saki, ta wuce shi. Ƙarfen da ke tsakaninsu sai ya dinga tufka da warwara, ba ka gani, ba ka ji a kujera. Girgizar murɗa ke nan.

Lokacin da na fara taɓa jirgi a Kaduna, zamanin da ake harhaɗa ƙaramin jirgin nan Air Beetle da aka ɗauko daga samfurin RV-6A, ba ruwanmu da wannan ciwon kai. Injin Lycoming ne, farfela a ɗaure a bakin inji kai tsaye, juyi 2700 iyakarsa. Sai da na zo Amurka na tarar da masu ƙera jirgi a garejin gida suna ciro inji daga motar Mazda RX-7, wanda ƙarfinsa ba ya fitowa sai can wajen 6000 zuwa sama. Ka ɗaura masa farfela mai inci 72 kai tsaye, bakinta zai yi gudun mita 575 a daƙiƙa, alhali sauti kansa wajen 340 yake yi. Dole a rage. Shi ya sa irin su Tracy Crook na Fulorida suka ɗauki giyar cikin giyabos ɗin Ford C6 suka yi giyabos mai rage juyi sau 2.17, daga baya mai 2.85. Da ka sa giya kuwa ka sayi wannan matsalar, ko kana so ko ba ka so.

Ka san lilo. Idan kana tura yaro daidai lokacin da ya dawo hannunka, da ɗan yatsa ma sai ka kai shi sama. Inji da farfela da abin da ya haɗa su suna da nasu lilon, mai adadinsa a daƙiƙa. Wurin da bugun inji ya yi daidai da wannan adadin nake kira mahaɗa, kuma a nan ƙarfin da ke bi ta haƙoran giya yake ninka abin da injin ke bayarwa sau da yawa. Ba a kashe mahaɗa, matsar da ita ake yi. Ko ka yi komai da tauri ƙwarai, ba ko ɗan wasa a haƙora, har ta haura can sama da inda injin ke kaiwa, wato sama da bugu 233 a daƙiƙa idan kana zuwa 7000, kuma wannan aikin masu kuɗi ne da injinan auna ƙarfe na gaske. Ko ka sa laushi ta sauko ƙasa da silo, wato juyin da inji ke yi in ba a ba shi wuta ba, ka ratsa ta da sauri wajen tayarwa da kashewa. Mu na biyun muke yi. Wanda ya tsaya a tsakiya, bai yi laushi ba bai yi tauri ba, shi ne yake ajiye mahaɗa a daidai inda jirgi ke zama.

To ga mutumin nawa. Ba zan kama sunansa ba. Dattijo ne mai abin hannu, ya yi ritaya, yana ƙera RV-6 da 13B. Ya zo da fara'a da "abokina, abokina", na yi masa giyabos da hannuna, wata uku ina kansa. Na auna taurin robar, na auna farfelarsa ta katako, na ajiye mahaɗar wajen juyi 700. Na ce masa silo kada ya sauka ƙasa da 1500, kuma idan zai tayar ya wuce ƙasan nan da hanzari. Ya biya rabi, ya ce sauran dala 2,400 sai ya gama awa 40 na gwajin da hukumar jiragen sama ke ɗora wa irin wannan injin. Na yarda, ba takarda, ba sa hannu. Wannan kam wautata ce. Na ɗauko halin gida na zo da shi inda ba a san shi ba.

Wata biyar shiru. Ranar wata Asabar sai ga waya, yana ihu kamar zai fasa mini kunne. Wai giyabos ɗina ya kusa kashe shi. Ya tashi ke nan, bai yi nisa ba, inji ya yi kururuwa ya haura, farfela ta koma juyin banza, ya sauka a gonar wake ya karya ƙafar jirgi. Allah ya yi da sauran kwana. Na ce ya kawo mini. Kwana tara ya yi kafin ya kawo, kuma tun daga nan na fara jin wani iri.

Na buɗe. Shaf ɗin shiga ya karye a karkace, irin yadda alli ke karyewa idan ka murɗe shi, kusurwa 45 tsaf. A fuskar karayar ga layi-layi kamar sawun ruwa a bakin gulbi, alamar tsagar ta daɗe tana tafiya a hankali. Wannan ba ƙarfe mara kyau ba ne, gajiyar murɗa ce. Haƙoran giya kuma sun yi ƙyalli ta fuska biyu, gaba da baya, wato sun daɗe suna marin juna. Amma robobina? Ga su nan garau, baƙaƙe, kamar yau na sa su. Awa 31 a littafinsa, roba ba ta ko lotsa ba! Na zauna ina kallonsu, na ce ko dai ni ne ban iya ba. Daren nan ban runtsa ba, na sake lissafina har sau uku.

Da safe na ɗauko tocila na leƙa ramukan da robobin ke zama. Sai ga wasu 'yan ɓurɓushi jajaye a maƙale a lungu. Ni ban taɓa sa jar roba a aikina ba. Robar nan ce mai taurin tsiya da yara ke sa wa motocin tsere. Na ɗora fulawil a sikeli, ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ga sawun injin sassaƙa a bayansa. Ashe ƙarar da yake ji wajen tayarwa ce ta dame shi, wani a filin jirgi ya ce masa roba ce ta yi laushi, ya canza. Ya kuma kai fulawil aka fafe don ya rage nauyi. Da abin ya faru sai ya ciro jajayen ya mayar da nawa, ya kawo mini da fuskar tausayi.

Yi lissafin da kanka. Idan ka ninka tauri sau huɗu, mahaɗa ta ninka sau biyu. Daga 700 ta koma 1400. Rage nauyin fulawil ya ƙara tura ta sama. Ta zauna daram a inda yake ɗumama inji, inda yake tafiya a ƙasa, inda yake jiran a ba shi hanya. Makaniken filin, mutumin kirki, ya gaya mini daga baya cewa injin yakan yi tari a silo, fulogan rota ɗaya suna jiƙewa da mai. Wannan ne abin da ku ba ku sani ba, kuma bidiyo ba zai gaya muku ba. Idan mace ɗaya ta ajiye taɓarya, lugude ya koma bugu ɗaya a juyi, mahaɗar da kake tsammanin ka baro a ƙasa sai ta sake bayyana a ninkin wancan juyin. Ko tawa ta 700, in rota ɗaya ta mutu, a 1400 za ta fito, dalilin da ya sa na ce masa 1500 ke nan. Tasa kuwa ta tashi zuwa wajen 3000, inda ake gwada inji kafin tashi.

Na shimfiɗa masa ɓurɓushin a farar takarda. Ya kalla, ya ce bai san daga ina suka fito ba. Ko kunya. Kuɗina bai biya ba har yau, amma ba su ne suka fi ci mini rai ba. Ya bi taron masu jirage yana cewa giyabos ɗin ɗan Afirkan nan ya karye masa a sama. A shekarar mutum uku suka janye aikinsu daga hannuna, ɗaya ma ya riga ya ba da kafin alƙalami, na mayar masa. A babban taron masu jirage na Oshkosh ina tsaye na ji wani yana ba da labarin, bai san ni ne ba. Guntun shaf ɗin da kake gani a kan kanta kusa da rediyo, wanda ka taɓa tambaya ko na zubarwa ne, shi ne. Jan fenti da wayar da kake gunagunin ina sa ka ɗaure a kan kowane noti na robar, yanzu ka san mafarinsu.

Kada ka ɗauka mu ƙanana ne kawai abin ke kayarwa. Jirgin BD-5 na Jim Bede a shekarun 1970 ya sha wuya da wannan murɗar a doguwar hanyar da ke kai ƙarfi zuwa farfelar baya, ga injiniyoyi cike da ɗaki. Injin Rotax 912, da duk kuɗin kamfaninsu, sun sa abin shanye fizga a cikin giyabos, kuma duk da haka sun hana a bar shi ƙasa da 1400.

Maganar man giya, da boris ɗin da ke ɗaukar jan farfela, da yadda ake daidaita shaf da inji, ba zan ɓata yawuna ba. Wanda ya shekara biyu a shagon nan bai san su ba, ya koma sayar da katin waya. Ƙarar da ka ji jiya kuwa, haƙora ne ke tafa hannu cikin ɗan wasan da ke tsakaninsu, don ka rage wuta har ka taɓa gefen mahaɗa. Gaya maka take yi ka bar wurin. Ƙara wuta, za ta yi shiru. In ka tsaya a nan minti biyu ka kashe ka taɓa robar, za ka ji ta da zafi, kuma robar da ta sha zafi ko ta tsufa ko ta kwana cikin sanyi taurinta ba ɗaya ba ne da na ranar da aka auna ta.

Gobe ka zo da wuri. Za mu rataye sabuwar farfelar nan mai fiffike uku da igiya biyu, ka murɗa ta kaɗan ka saki, ka ƙirga lilo ashirin da agogo, daga nan mu fitar da nauyin juyinta. Sai ka raba shi da 2.17 sau 2.17, wajen 4.7, don haka inji yake ganinta ta cikin giya. Bayan nan mu kulle bakin giyabos, mu ɗaura dogon ƙarfe a shaf ɗin shiga, mu dinga rataya nauyi muna rubuta yadda yake murɗawa. Taho da fensir da littafi, wayar nan taka ka bar ta a mota.